Jadawalin Mako na Sabon Ɗalibin Jami'a: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

A makon farko na kowane zango, in ka je gaban allon sanarwa na sashe za ka tarar da sababbin ɗalibai, waɗanda tsofaffi ke kira jambito, sun yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton jadawalin lakca. Da hoton ya shiga waya sai hankali ya kwanta, a ganin mutum ya gama tsara makonsa. To ƙanena, ƙanwata, wannan takarda da aka manna ba taka ba ce. Sashe ne ya tsara ta don raba malamai da ɗakunan lakca. Ba ta san unguwar da kake kwana ba, ba ta san kina girki kafin ki fito ba, ba ta kuma damu da kwas ɗin da ke ba ka wuya ba. Jadawalinka kai za ka zauna ka gina shi a kanta. Na wuce ta wannan hanya, yanzu kuma ƙannena suna kanta, kuma kurakuran da na gani a lokacinmu su ne dai nake gani yau.

Tuntuɓen farko tun wajen rajista ake yin sa. Ɗalibi ya je shagon intanet, a zaɓa masa kwasa-kwasai, a buga takarda, bai taɓa ɗora su a kan jadawali ya ga ko suna karo da juna ba. Sai a mako na uku ya gano cewa kwas ɗin zaɓi da ya ɗauko daga wani sashe ya faɗo Talata ƙarfe 10, daidai lokacin wani kwas na dole. Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗan aji ɗaya yakan sha karatu daga wurare uku: sashensa, tsangayarsa ko wasu sassa da yake aron kwas a wurinsu, sai kuma kwasa-kwasan gama-gari, wato GST, da kowa ke yi, irin su GST 111 na Turanci da GST 112 na al'ummomi da al'adun Najeriya. Kowanne da nasa jadawalin, kuma ba lallai waɗanda suka tsara su sun zauna tare ba. Ka tattaro su duka, ka sami farar takarda ka ja layi, ranaku a gefe, awanni a sama, ka cika da fensir. Na ce fensir domin jadawalin da aka fara fitarwa yakan canza a makonnin farko. In ka ga karo, kada ka zauna kana jiran ya warware kansa, kada kuma ka tsaya kan shawarar ɗan ajinku da shi ma jiya ya zo. Ka nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, kodineta, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Malam, kwas kaza da kwas kaza sun haɗu mini ranar Talata ƙarfe 10, wanne zan sauke?" Akwai ɗan lokacin da ake ba da dama a ƙara kwas ko a sauke shi. In ya wuce, kwas ɗin da ka yi wa rajista yana wuyanka, in ba ka zauna jarrabawarsa ba F za a rubuta maka.

Daga nan sai maganar yunit, wadda a ganina ita ce abin da sababbin ɗalibai suka fi jahilta, alhali a kanta komai ya ginu. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lakca kowane mako har tsawon mako 15, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi yakan ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango. Wasu sukan cika 24 ɗin cif don kawai an ba da dama, suna ganin hazaƙa ce. Ga wanda bai ma gama sanin inda ɗakunan lakca suke ba, wannan kaya ne da ya fi ƙarfin kai. Ka ɗauki abin da littafin sashenku ya wajabta, ka bar ƙari sai ka ga kamun ludayinka a zangon farko.

Yunit kuma ba yawan awanni kaɗai yake nunawa ba, nauyin kwas ne a sakamakonka. A yana da maki 5, B yana da 4, C yana da 3, haka har zuwa F da ba ta da komai. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka ɗauka, abin da ya fito shi ne GP ɗinka. Duba wannan lissafi. Kwas mai yunit 3, in ka ci A ka sami 15, in ka ci C ka sami 9, ka yi asarar 6. Kwas mai yunit 1 kuwa, tsakanin A da C asarar 2 ce kawai. Ga mai ɗauke da yunit 18, waccan 6 ɗin ta zaftare 0.33 daga GP na zangon, kuma irin wannan tazara ce ke raba mai 3.50 da ya haye matakin digiri na biyu babba (Second Class Upper) da wanda ya tsaya a ƙasansa. Amma je ka duba jadawalin karatun yawancin jambito: kowane kwas an ba shi dare ɗaya, kamar ana rabon gado tsakanin 'yan'uwa maza. Wasu ma kwas ɗin da suka fi jin daɗinsa suke ba wa lokaci mafi yawa, su riƙa kauce wa wanda ke firgita su. Gyaran shi ne ka jera kwasa-kwasanka bisa yunit, sannan bisa wuyar da suke ba ka. Mai yunit 3 da ke ba ka ciwon kai ya fito sau uku a mako, a lokacin da kanka ya fi sakewa. Mai yunit 1 da kake ganewa tun a aji, zama ɗaya ya ishe shi.

Sai hanya. Misali, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana bayan garin Katsina ne a kan hanyar Dutsin-Ma, kuma a wannan hanya akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, don haka da safe ba kai kaɗai ke neman abin hawa ba. Wanda ke fitowa daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri ko Ƙofar Guga, lakcar ƙarfe 8 a wurinsa ba ƙarfe 8 take farawa ba, tana farawa ne daga lokacin da ya sa ƙafa waje. A makon farko ka auna da agogo, daga ƙofar gida har kujerar ɗakin lakca, har da jiran Keke Napep ko bas da tafiyar ƙasa a cikin makaranta. Abin da ya ba ka, ka ƙara minti 20 a kai, ka rubuta shi cikin jadawali kamar yadda ka rubuta lakca. A manyan azuzuwa irin na GST, wanda ya makara a baya yake tsayawa, ko ma a bakin taga, ba ya jin malam ba ya ganin allo. Ga kuma ƙa'idar halarta: sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ka cancanci zama jarrabawa. Kwas ɗin da ake yi sau ɗaya a mako, in ka rasa huɗu cikin 15 ka faɗo ƙasa da wannan ma'auni. Makara biyu, zazzaɓi ɗaya, biki ɗaya, shi ke nan an kai.

Amma inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne giɓin da ke tsakanin lakca da lakca. A sakandare ƙararrawa ce ke juya ka daga safe har tashi. A jami'a za ka iya gama lakca ƙarfe 10, ba ka da wata sai ƙarfe 2. Awa huɗu ke nan da ba wanda zai tambaye ka yadda ka yi da su. In ka tara irin waɗannan awanni a mako za ka ga sun kusa kai awannin lakcar kansu, wani lokaci ma su fi. A nan ake samun digiri mai kyau, a nan kuma ake zubar da shi. Wasu sukan koma gida da niyyar dawowa, a kashe kuɗin mota sau biyu, a ci abinci, rana ta take, barci ya ɗauke, lakcar ƙarfe 2 ta wuce. Duk wanda ya san zafin Katsina a watan Afrilu ya san komawa makaranta da tsakar rana ba ƙaramin jihadi ba ne. Wasu kuma a gindin bishiya suke ƙarar da lokacin, ana hirar ƙwallo da siyasa, ko kai a sunkuye kan waya. Ban ce kada a yi hira ba, abokan da za ka yi a nan wasunsu har tsufa kuna tare. Abin da nake cewa shi ne kowane giɓi ka raɗa masa suna tun daga gida. Litinin 10 zuwa 12, laburare, bitar lakcar da aka yi da safe tun tana da ɗumi. Laraba 12 zuwa 1, aikin da aka bayar. Alhamis, zama da abokan karatu biyu ko uku a warware tambayoyin shekarun baya. Ka ware wani giɓin kuma ka rubuta masa hutu da abinci, ka huta da zuciya ɗaya. Giɓin da ba shi da suna, wani ne zai zo ya cika maka shi da nasa sha'anin.

Ni kaina a zangona na farko na rubuta jadawali mai kyan gani, karatu daga ƙarfe 9 na dare zuwa 1, kullum. Bai kai mako uku ba ya rushe. Wata rana babu wuta, wata rana na dawo a gajiye, kuma duk daren da na cika alkawarin, washegari ina gyangyaɗi a lakcar safe. Da ya rushe sai na watsar da tsarin gaba ɗaya, na koma jiran jarrabawa, kuma sakamakon zangon ya nuna hakan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ba rashin ƙoƙari ba ne, rashin sanin kai ne. Da na dawo zango na biyu sai na mayar da karatun mai nauyi bayan sallar Asuba, awa ɗaya da rabi, gari shiru, ga sanyin safiya, ba ruwana da wutar lantarki in gari ya fara wayewa. Na kuma daina rubuta kalmar "karatu" kawai a jadawali. Wanda ya rubuta "karatu" zai ɓata rabin awa yana jujjuya takardu yana neman inda zai fara. Rubuta sunan kwas da abin da za ka yi a cikinsa: babi kaza, lissafi goma, ko sake rubuta bayanan da ka ɗauka a gurguje.

Kuskure ne kuma ka tsara mako kamar kai kaɗai ne a duniya. Lokutan salla su za ka fara kafawa, sauran abubuwa su kewaye su. Ranar Juma'a rabin yini ce, kada ka ɗora mata babban aiki da rana. Wanda ke zaune gaban iyaye akwai aike, akwai jiran shago, akwai kai ƙanne makaranta. Ɗaliba kuma sau da yawa aikin gida yana jiranta kafin ta fita da bayan ta dawo, in matar aure ce abin ya ninka. Waɗannan ba a ɓoye su, ba a kuma yin kamar babu su. Ka ɗauki takardar ka kai wa mahaifinka, ka zauna ka ce: "Baba, Litinin da Laraba ina da lakcar ƙarfe 8, amma Alhamis da yamma da Asabar ina nan, duk abin da ake buƙata a shago zan tsaya." Ke ma ki nuna wa Mama ko maigida ranakun da suka fi matse ki, a san yadda za a raba girki. Iyaye da yawa ba su san yadda lokacin jami'a yake ba, suna ganin in ba ka cikin aji to ba ka da abin yi. In sun gani a rubuce sukan ba da goyon baya fiye da yadda kake zato.

'Yan Daura da sauran garuruwa da ke zaune a hostal suna komawa gida ƙarshen mako, ku dawo Lahadi da yamma. Kilomita wajen 80 ne tsakanin Daura da Katsina, kuma motar haya sai ta cika take tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma ka cika takardar maƙil. Malami zai iya ɗage lakca ya mayar da ita yamma ko Asabar, a sanar a zauren WhatsApp na aji da dare. Gwaji da aikin gida sukan taru a tsakiyar zango, kuma su ne ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon tsarin jami'arku. Wanda ya yi sakaci da su ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Ka bar awa uku ko huɗu a mako babu komai a kansu, don irin wannan. Ka riƙe lambar wakilin ajinku, kuma duk ranar da aka sa gwaji ka rubuta ta nan take, ka ƙirga kwana bakwai baya ka sa alamar ranar fara shiri. Ka tuna kwas ɗin da ka faɗi ba ya tafiya, zai biyo ka aji biyu, ya ci daga cikin yunit 24 ɗinka, kuma sau da yawa lokacinsa ya yi karo da sababbin kwasa-kwasanka, tunda ba a tsara jadawalin aji biyu don mai bashin aji ɗaya ba. Ta haka mutum ke wayar gari da ƙarin shekara.

Jadawalin da ya yi maka aiki da hunturu ba lallai ya yi da bazara ba, na azumi kuma daban ne: karatu mai nauyi ya koma bayan sahur, yamma a bar ta ga abin da bai buƙatar ƙoƙari sosai, dare kuma a san akwai Tarawihi. Saboda haka kowace Lahadi bayan Isha'i ka ɗauko takardar da fensir, minti 15 sun isa. Ka duba abin da ka rubuta makon jiya wanda ba ka yi ba, ka tambayi kanka dalili. In abu ɗaya ya kuɓuce maka mako biyu a jere, goge shi daga wannan lokacin ka nema masa wani. Sannan ka kwafe sabon a waya, asalin kuma ka manna shi a bango kusa da inda kake shimfiɗa sallaya.