Darasi na 7: Kek ɗin Cuku na Gahawa da Cakulan Ba Tare da Madara ko Gasawa ba

Kek ɗin cuku da aka saba gani ana yin sa ne da cuku mai laushi da ƙwai, sannan a gasa shi. Wanda za mu koya a wannan darasi babu madarar dabba a cikinsa, babu ƙwai, kuma ba ya shiga tanda, domin sanyi ne yake ɗaure shi. Man kwakwa yana daskarewa idan zafi ya yi ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan daskarewar ce take riƙe kek ɗin. Ya dace da mutanen da madara take kumbura musu ciki, saboda jikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, wato laktos.

Kafin a fara, a san ma'auni: kofi 1 mililita 240 ne, babban cokali kuma mililita 15. Kada a auna da ido, domin idan ruwa ya yi yawa ko man kwakwa ya gaza, haɗin ba zai tsaya ba.

Aiki na farko shi ne jiƙa ɗanyen kashu kofi 1 da rabi a ruwan sanyi na awa 4 zuwa 8, ko a tafasasshen ruwa na awa 1 idan ana sauri. Nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa, sai kek ya fito da tsaki-tsaki a baki. A ɗauki ƙwaya ɗaya a matsa ta tsakanin yatsu biyu. Idan ta murmushe ba tare da wahala ba, ta jiƙu. A zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye.

Shimfiɗar ƙasa ba ta da wuya. A markaɗa dabino mai laushi kofi 1 wanda aka cire wa ƙwallo, da gasasshen kashu kofi 1, da hodar koko babban cokali 2, da ɗan gishiri, har su dunƙule. A raba cikin ƙananan kofunan takarda guda 12, a danna da bayan cokali.

Sai haɗin tsakiya, wanda shi ne zuciyar aikin. A narkar da garin gahawa mai narkewa nan take babban cokali 1 a cikin ruwan zafi babban cokali 2, a bar shi ya huce. A zuba jiƙaƙƙen kashun a bilenda tare da madarar kwakwa mai kauri rabin kofi, da narkakken man kwakwa kwatan kofi, da zuma kashi ɗaya cikin uku na kofi, da ruwan lemun tsami babban cokali 2, sannan a ƙara gahawar. Lemun tsamin shi ne yake kawo ɗan tsamin da ake ji a cuku, don haka bai kamata a bar shi ba. A markaɗa, a tsaya a kankare gefen bilendar, a sake markaɗawa, har sai an shafa kaɗan a yatsa an ji shi sumul. A ɗanɗana a wannan lokaci, kuma gara zaƙin ya ɗan fi yadda ake so, saboda sanyi yana rage jin zaƙi a harshe. A zuba a kan shimfiɗar, a sa a firiza awa 4.

Na ƙarshe shi ne cakulan da za a zuba a sama. Wurin sayen cakulan, karatu zai yi muku amfani sosai. Baƙin cakulan ma wani lokaci ana sa masa garin madara, saboda haka a juya bayan takardar a karanta jerin kayan haɗi tun daga farko har ƙarshe. A narkar da giram 100 tare da man kwakwa babban cokali 1 a cikin busasshen kwano da aka ɗora a kan tukunyar ruwan zafi. Ko ɗigo kaɗan na ruwa ya faɗa ciki, cakulan zai cure ya ƙi zuba. A zuba cokali ɗaya a kan kowane kek, a mayar firiza na ɗan lokaci.

Idan za a ci, a fito da shi minti 10 zuwa 15 kafin nan. A sanar da masu ci cewa akwai kashu a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa sam, kuma abin yana iya yin tsanani. Don yara, a cire gahawar a ƙara hodar koko a madadinta.

Aikin aji: wannan awo yana ba da kek 12. Ku rubuta a littafinku yawan kashu, man kwakwa da lemun tsami da ake buƙata idan ana son kek 24.