Yadda Ake Auna Ƙorafin Wariyar Addini a Wurin Aiki

Fara da raba imani da bayyana shi. Sashe na 18 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan ƙasa da siyasa ta 1966 ya hana tilasta wa mutum barin addininsa, ko da an kafa dokar ta-ɓaci. Bayyana addinin kuwa, kamar sutura ko lokacin ibada, ana iya taƙaita shi, muddin doka ce ta tanada kuma ya zama dole don kare rayuka, zaman lafiya, lafiyar jama'a, tarbiyya ko haƙƙin wasu.

Sai ka duba wa ake ƙara. Gwamnatoci ne yarjejeniyar take ɗaurewa. Idan kamfani ne mai zaman kansa, dokar hana wariya ta ƙasar za ka ɗauko.

Wariyar iri biyu ce. Ta kai tsaye: an ƙi ɗaukar mace aiki don tana sa hijabi. Ta fakaice: ƙa'ida ɗaya ga kowa, a ce kowa ya aske gemu, amma mabiya wani addini ta fi ƙuntatawa. Ta farkon da wuya ta samu uzuri. A ta biyun ake kai ruwa rana, domin mai wurin aikin zai iya kare kansa idan ya nuna dalili na gaskiya, kuma babu hanya mafi sauƙi ta cim ma shi.

Hukuncin Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam na 2013 ya nuna yadda ake wannan awo. Mata biyu a Birtaniya, kowacce an hana ta sa sarƙa mai gicciye. Ma'aikaciyar kamfanin jiragen sama na British Airways ta yi nasara, don dalilin kamfanin bai wuce kare kwarjininsa ba. Ma'aikaciyar jinya ta faɗi, saboda majinyaci zai iya fizgar sarƙar, ko gicciyen ya taɓa buɗaɗɗen rauni. Saboda haka kada ka ɓata lokaci kana kafa hujja da nassi. Ingancin aƙida ba hurumin alƙali ba ne. Nemi ƙa'idar a rubuce, da ranar da ta fara aiki, da sunan duk wanda aka ɗaga wa ƙafa. Rubuta kuma mafitar da mai ƙorafi ya kawo, kamar musayar lokacin aiki, da amsar da aka ba shi.

Wa'adi ne ke kashe ƙararraki masu ƙarfi. Sai an ƙure kotunan cikin gida kafin a nufi na waje, kuma kotun Turai wata 4 kacal take bayarwa daga hukuncin ƙarshe.