Shawara ga masu shirin yawon buɗe ido a Japan

'Yan uwa, duk wanda zai biya kuɗin tafiyar da ta haɗa wankan maɓuɓɓugar ruwan zafi da cin abincin kan titi da ziyarar wuraren tarihi, ya fara tambayar kamfanin ko masaukin yana da wurin wanka na keɓe. A yawancin wuraren wankan garuruwan Hakone da Beppu tsirara ake shiga, maza daban mata daban, sai an cuɗa jiki kafin a shiga, kuma ba a tsoma tawul a ruwan. Wanda yake kiyaye al'aurarsa ya kama ɗakin wankan da ake haya na iyali tun daga gida, domin yakan cika da wuri.

A Dotonbori, unguwar masu sayar da abinci ta birnin Osaka, kada ƙamshi ya ruɗe ku: okonomiyaki, wata irin wainar fulawa da kabeji, galibi da naman alade ake soya shi, miyar da ake zubawa kuma tana iya ƙunsar mirin, wato ruwan girki na shinkafa mai barasa. Gasasshen dankalin Hausa da dafaffen ƙwai mai baƙin ɓawo na kwarin Owakudani da ke Hakone sun fi kwanciyar hankali.

A Kyoto kuwa, ku nace a ba ku safiya guda a fadar Nijo, wadda shugaban mulkin soja Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603.