Darasi na Shida: Kiwon Gizo-gizo Mai Tsalle da Ciyar da Shi

Duk wanda ya taɓa zama a gindin katanga da hantsi zai iya tuna wani ɗan gizo-gizo mai gajerun ƙafafu, wanda yake tafiya yana tsayawa har ya daka tsalle ya cafke ƙuda. Shi ne gizo-gizo mai tsalle. Masana suna kiran danginsa Salticidae, kuma sun ƙidaya irinsa fiye da 6,000, wato babu wani dangin gizo-gizo da ya kai shi yawa. A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu kiwonsa a cikin ɗaki don sha'awa, kamar yadda ake kiwon kanari a wurinmu. Irin da suka fi ajiyewa shi ne Phidippus regius, wanda asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, musamman jihar Fulorida, kuma macensa takan kai milimita 22. Waɗanda muke gani a bangon gidajenmu, irin su Plexippus paykulli da Menemerus bivittatus, ba su kai shi girma ba, amma ƙa'idar kiwonsu ɗaya ce.

Abin da ya kamata mai kiwo ya fara riƙewa shi ne cewa wannan halitta mafarauci ne da yake aiki da ido. Yana da idanu 8, biyu daga cikinsu manya ne a gaban kansa, kuma da su yake tantance abin da zai kama da nisan da ke tsakaninsu. Ba ya saƙa yana don ta kama masa abinci. Yakan laɓaɓa ne kamar kyanwa, sa'an nan ya tura jinin jikinsa da ƙarfi cikin ƙafafunsa na baya, su miƙe nan take su jefa shi gaba, bayan ya riga ya manna zare a inda ya taso domin kada ya faɗi ƙasa idan ya kuskure. Saboda haka yana buƙatar haske da rana, da wurin hawa, da abinci mai motsi.

Gidansa ba ya buƙatar kashe kuɗi. Kwalba ko robar da ake ganin cikinta, mai tsayin kamar santimita 15 zuwa 20, ta wadatar da babba guda ɗaya. A huda ƙananan ramuka a gefe biyu domin iska ta ratsa, ko a yanke wani sashe a rufe shi da ƙyallen gidan sauro, a kuma saka ɗan reshe da ɓawon itace. Akwai abu ɗaya da masu farawa suke yawan kuskurewa. Wannan gizo-gizo yana saƙa ɗan ɗakin kwanansa ne a can sama, don haka idan murfin yana sama, duk lokacin da aka buɗe sai an yaga masa makwanci. Gara a kife robar murfinta ya koma ƙasa, ko a yi mata ƙofa a gefe. Kada a haɗa biyu a mazubi ɗaya, domin ɗaya zai cinye ɗaya.

Batun abinci shi ne inda aikin yake. Gizo-gizo ba ya tauna. Yakan sa dafi ya kashe ƙwaron, ya zuba masa ruwan narkarwa, sa'an nan ya tsotse. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne kada ƙwaron da za a ba shi ya fi jikinsa girma. 'Ya'yansa ƙanana ana ba su ƙananan ƙudajen nan da suke taruwa a kan ayaba ko mangwaro da ya nuna sosai, kuma masu kiwo a ƙasashen waje suna sayen wani irinsu da ba ya iya tashi. Babba kuwa yana cin ƙudan gida, da ƙaramin gyare, da ɗan fara, da malam-buɗe-littafin dare. A ganina ƙuda ya fi duka, domin ba ya cizo kuma tashinsa yana ta da hankalin mafaraucin. Kada a ba shi tururuwa ko cinnaka, domin suna cizo, haka ma ƙwaro mai tauri.

Ƙanana sukan ci bayan kwana 2 ko 3, manya kuma sau ɗaya ko sau biyu a mako, amma cikin gizo-gizon ya fi lissafin kwanaki faɗin gaskiya. Idan cikin ya lotsa ya yi yaushi, yunwa ko ƙishirwa ce; idan ya cika ya yi tsantsan, sai a dakata, domin wanda ya ƙoshi fiye da kima cikinsa yana iya fashewa in ya faɗo daga sama. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne maganin ƙwari. Ƙudan da aka kama a ɗakin da aka fesa fiya-fiya, ko farar da aka samo a gonar da aka yi wa feshi, guba ce gare shi, kuma hayaƙin maganin sauro na kunnawa ma bai kamata ya kai inda yake ba.

Ruwa ba a zuba masa a kasko, domin yana iya nutsewa. A fesa 'yan ɗigo a jikin bangon mazubin, nesa da makwancinsa, ya zo ya sha. A lokacin hunturu, da iska take bushewa ƙwarai, sai a fesa kullum. A ajiye shi inda haske yake shiga, amma kada rana ta dake shi kai tsaye, musamman da bazara, domin roba a rana tana yin zafin da zai kashe shi cikin ɗan lokaci.

Kafin ya gama girma yakan yi saɓa sau da yawa, kamar yadda maciji yake yi. Alamar ita ce ya ƙi abinci, ya ƙara kaurin saƙar makwancinsa, ya shige ya yi kwanaki bai fito ba. A wannan lokaci sai haƙuri: kada a buɗe saƙar don a duba ko yana da rai, kuma a fitar da duk wani ƙwaro mai rai daga mazubin, domin gyare yana iya cin gizo-gizon da jikinsa bai yi ƙwari ba. A ci gaba da fesa ruwa, tun da bushewar iska tana sa tsohuwar fata ta maƙale a ƙafafu. Bayan ya fito, a jira kwana 2 ko 3 kafin a ba shi abinci. Macen da aka kamo daga waje ma takan shige saƙa ta daɗe, amma ita sau da yawa ƙwai take gadi.

Ba ya cizon mutum sai an matse shi, don haka ba a kama shi da yatsu. A shimfiɗa hannu a bar shi ya hau da kansa, a kusa da ƙasa. Rayuwarsa gajeriya ce, shekara 1 zuwa 2.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya nemi gizo-gizo mai tsalle a bangon gidansu, ya kalle shi na minti 10, sa'an nan ya rubuta jimla 5 a littafinsa game da launinsa, da inda ya same shi, da abin da ya ga yana yi.