Yadda ake gina wa yaran ƙauye filin wasa da abin da ke hannu

Wanda ya saba bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa da la'asar ya san abin da zan faɗa. A bakin kusan kowane ƙauye za ka tarar da yara suna bin ƙwallon tsumma, wasu a gefen kwalta, wasu cikin gonar da aka girbe, kututturen kara na jiran tafin ƙafarsu. Da damina ta sauka aka shuka gonar, fili ya tafi ke nan sai kaka. Mun sha fama da wannan a ƙauyenmu, nan ƙasar Adar, kafin mu samar wa yaranmu wuri nasu. Ga yadda aikin yake, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Fili tukuna, da takardarsa

Kada ku sayi ko ƙusa ɗaya kafin ku riƙe takardar fili a hannu. Mu da baki aka ba mu na farko. Wani dattijo ne, Allah ya jiƙansa, ya nuna mana gefen gonarsa ya ce, "Ƴaƴana, ku yi abinku." Muka share, muka kafa raga. Bayan rasuwarsa magada suka dawo daga ci-rani, damina na faɗuwa suka shuka gero har cikin ragar. Ba mu da ta cewa, kuma a gaskiya ba su yi laifi ba, gadonsu ne.

Don haka ku tafi wurin maigari, ku tafi da liman, da daraktan lakwal, da shugabar mata, kada ku je ku samari zalla. Ku ce, "Ranka ya daɗe, wuri muke roƙo wa jikokinka." In an ba ku, a kira kwamitin filaye na gari, wato COFOB, wanda dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya, a rubuta takardar shaidar kyauta. Mai fili ya sa hannu, manyan ƴaƴansa su sa, maƙwabtan gona su yi shaida. A kai kwafi ofishin magajin gari, ɗaya ya zauna wurin maigari, ɗaya a lakwal. Ran nan kuma a kafa manyan duwatsu a kusurwoyi huɗu, kowa na gani.

Wurin da za ku roƙa ya zama kusa da lakwal, ko inda uwa za ta iya hango ɗanta daga bakin gari. Ya yi nisa da kwalta, da rijiya, da tabki, da kududdufin da ake haƙar ƙasar bulo, don yaro in yana bin ƙwallo ba ya duban gabansa. Kada ya taɓa burtali ko makiyaya. Rigimar manomi da makiyayi ta ishe mu, ba sai an ƙara da ta tamaula ba. In da hali ku je ku tsaya a wurin ran da aka yi ruwa mai ƙarfi ku ga ta ina ruwa ke bi. Koramun Adar ba sa sallama. Fako ya fi sauƙin samu tunda ba mai noma shi, sai dai yana da tauri, zai ci muku yashi da yawa.

Ku tambayi masu wasan

Mu manya da an ce filin wasa ƙwallo kawai ke zo mana. Ku tara yaran, maza daban, mata daban, don a gaban maza ƴanmata ba za su buɗe baki ba. Wata inna ta zauna da su. Namu sun ce suna son lilo, da wurin gala-gala da tsallen igiya da carafke, da dandalin gaɗa inda samari ba za su buge su da ƙwallo ba. Maza ƙanana suka ce langa da kokowa. Sai muka raba filin uku: na ƙwallo can nesa, da'irar kokowa a tsakiya, sashen ƙanana da ƴanmata ta ɓangaren gari.

Ranar gayya

Dattawanmu da suka yi samariya zamanin Seyni Kountché sun san yadda ake gina aji da gayya, ku nemi shawararsu, za su ji daɗi ma an tuna da su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da an gama ɗaure damman hatsi, wajen Nuwamba, kafin majiya ƙarfi su kama hanyar Abijan ko Libiya. In kuka bari sai bazara, gari ya rage tsofaffi da mata, rana kuma ta haura digiri 40, ba mai ɗaga diga.

A zo da diga, shebur, manjagara, baro da amalanken jaki. A tone kututture, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a share tsidau da ƙarangiya a ƙone su can gefe, in ba haka ba irinsu zai dawo da ruwan fari. A fasa gidajen gara da ramukan da kunama ke ɓuya. Tudu a sare shi a cike kwari, a yayyafa ruwa a daddaɓe. Kada ku matsa sai fili ya kwanta kamar faranti; ɗan gangare kaɗan shi ke sa ruwa ya wuce bai kwanta ba.

Duwatsun da kuka tsince kada ku zubar. Ku jera su layi ta saman filin, inda ruwa ke gangarowa, irin jerin da matan Keita suka riƙa yi a kan tsaunuka tun da aikin raya ƙasarsu ya fara a 1984. Jerin yana karya ƙarfin ruwa, ya hana shi yanka muku kwazazzabo a tsakiyar fili. A bar taku biyar aƙalla tsakanin duwatsun da layin wasa.

Awo da raga

Filin manya yana kai mita 90 zuwa 120 a tsawo. Yaran firamare ba sa bukatar wannan, mita 60 da 40 ya wadatar. Ragogin su kasance ɗaya kudu ɗaya arewa, don da la'asar ake wasa, in raga ta kalli yamma mai tsaron gida ba zai ga komai ba sai rana. Don kusurwa ta miƙe, ku ɗauki igiya mai mita 12, ku ƙulla ta a mita 3, da mita 7, ku haɗa bakinta biyu. Mutum uku su ja ƙullin: gefe ɗaya 3, ɗaya 4, ɗaya 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai. Magina sun san wannan. Layi kuwa toka ta isa.

Ragar yara faɗi mita 5, tsayi mita 2. Mun fara da itace, gara ta gama da shi kafin shekara ta zagayo. In kuɗi ya kai, mai walda ya haɗa muku da bututun ƙarfe, a binne ƙafafun rabin mita cikin kankare. Buhun simintin Malbaza ɗaya ko biyu zai yi. Abin da ba na so ku yi shi ne ragar ƙarfe da aka ajiye bisa ƙasa ba a binne ba. Yara na lilo a jikinta, in ta kifo kan yaro ba ta da kyau ko kaɗan.

Yashi, kokowa da lilo

A Tawa aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har gobe ba yaron Adar da bai taɓa ɗaura ɗamara yana kirari ba. Filinta kuwa shi ne mafi araha: da'ira mai faɗin mita 8, a kewaye da buhunan da aka cika da yashi, a zuba yashin korama a ciki. A tankaɗe shi da raga don fitar da tsakuwa da ƙaya. Langa ma nan za a yi ta.

Shi ma ƙarƙashin lilo da duk abin hawa yashi ne, zurfin santimita 30, kamu ɗaya da rabi ke nan na babban mutum. Yawancin raunin da yara ke ji a filin wasa daga faɗowa ne kan ƙasa mai tauri. Sandar lilo kada ta wuce mita 2 da rabi, kuma a bar fili gaba da baya ninki biyu na tsayinta, ba icce, ba dutse, ba hanyar wucewa. Mazauni biyu sun isa tsakanin ƙafafu biyu. Sarƙa ta fi igiyar roba, wadda rana ke cinyewa ta tsinke ba gargaɗi. Mazaunin kuwa a yanka shi daga taya, katako in ya dawo ya sami goshin yaro sai ɗinki.

Tsofaffin tayoyi ku roƙa wurin masu faci na tasha, da yawa za su ba ku kyauta. A binne su rabi a jere don tsalle da rarrafe. A ƙi duk wadda wayar cikinta ta leƙo. Kowace taya a huda mata ramuka ta ƙasa, in ba haka ba ruwan damina zai kwanta a ciki ku buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakiyar yara. Duk wata kafa a jikin abin hawa ko dai ta yi ƙanƙanta da kan yaro ba zai shiga ba, ƙasa da santimita 9, ko ta wuce 23 yadda duk jikinsa zai fita. Abin sulu na ƙarfe da kuke gani a lambunan Yamai ku manta da shi. A ranar Afrilu tanda ce.

Inuwa

Wannan aikin na damina ne. Ranar 3 ga Agusta, da ƙasa duka ke dashen itace, ku nemi dashe wurin ma'aikatan gandun daji ku jera dogon yaro ta yamma da kudancin sashen ƙanana. Layi biyu ta gabas kuma zai rage ƙarfin iska, kamar shingayen dogon yaro da aka dasa a kwarin Majiya. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a ba wa yara biyu amanarsa, su ke ba shi ruwa da rani. Kafin itatuwan su tasa, rumfar kara da randa ɗaya ta ruwan sha sun wadatar.

Wa zai riƙe

Mutum uku suka isa: malamin lakwal ɗaya, saurayi ɗaya da ba ya zuwa ci-rani, da mace ɗaya mai riƙe asusu. Mu mace muka ba kuɗi kuma ba mu yi nadama ba. Kowane gida dala ashirin bayan kaka, abin da ƴan ci-rani suka aiko a karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, jika nawa ya shigo, jika nawa ya fita. In kwamitin lakwal, CGDES, ya yarda ya sa filin cikin tsarin aikinsa na shekara, ya fi.

Kowane mako saurayin ya zagaya da sifana: ya ɗaure noti, ya duba inda sarƙa ke goga ƙarfe, ya mayar da yashin da ƙafafu suka ture daga ƙarƙashin lilo. A tsaida ranakun ƴanmata da ƙanana, don in ba a tsaida ba samari za su mamaye ko'ina. Ƙwallo ku sayi biyu, ɗaya na wasa ɗaya na ajiya, da famfo. Allurar famfon kuwa ku sayi uku, ku ba innar asusu biyu ta ƙulle a bakin zane, don allurar ce ke fara ɓata.