Kurakuran da Muke Yi In Za Mu Je Wasan Mawaƙa da Abokai a Kaduna

Wani Disamba mu shida muka fita daga Unguwar Dosa zuwa wasan mawaƙa, mu huɗu muka dawo tare. Ɗaya tun a bakin ƙofa ya ɓace mana. Ɗayan kuwa sai wajen ƙarfe biyun dare ya iso gida a ƙasa, babu waya, takalmi wari guda a hannu. Da muka zauna washegari muna rabon laifi, sai muka ga yawancin ɓarnar tun a gida muka yi ta, kafin mu hau keke.

Babban kuskurenmu shi ne dogaro da waya. Kowa ya ce, "In mun rabu zan kira ka." To, a fili irin Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello, dubban wayoyi ne ke rububin turakun sadarwa ƙalilan, sabis sai ya shaƙe. Ka kira ba ya shiga, in ya shiga ƙarar lasifika ba za ta bari ka ji komai ba, saƙon WhatsApp kuma sai ka isa gida yake isowa. Gyaran ba ya cin ko kwabo: kafin ku shiga, ku tsaya ku nuna wuri guda da yatsa, wanda ba ya motsi, kamar wata fitila ko wata ƙofa da kowa ya gani. Kada ku ce "wajen mai shayi", don mai shayi yana iya tashi. Ku sa lokaci: duk wanda ya ɓace, nan za a haɗu da zarar an tashi. In dole sai an yi saƙo, tes na SMS ya fi saurin kutsawa. Kowa kuma ya rubuta lambar mutum ɗaya a takarda ya sa a aljihu. Ranar nan abokinmu ya samu mai ara masa waya, amma ko lambar ɗayanmu bai haddace ba.

Sai tikiti. Wani ya turo maka hotonsa ta waya, ya ce, "Mutumina, ni ba zan samu zuwa ba, kawo rabin kuɗi." Lambar nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa a ƙofa sau ɗaya take aiki. In ya sayar wa mutum biyar hoton, wanda ya fara isa shi ne ya shiga, sauran ku tsaya kuna rantse-rantse gaban mai gadi. Ku saya inda masu shirya wasan suka sanar da bakinsu. Kuma kowa ya riƙe nasa. Mu mun tara duka a wayar mutum ɗaya, sai ga shi shi ne ya makale a cunkoson Kawo.

Inda na fi so a saurare ni shi ne turmutsitsi, don nan ne ake rasa rai. Mu matasa muna da wata ɗabi'a: sai mun kai gaban dandamali, kamar mawaƙin zai gane mu ya kira sunanmu. A watan Nuwambar 2021, mutum 10 suka mutu a wani babban wasa a birnin Houston na Amurka. A Disambar 2022 kuma, mutum 2 suka rasu sakamakon turereniya a ƙofar shiga wasan mawaƙin Najeriya Asake a unguwar Brixton ta Landan. Waɗannan wurare ne da ake ganin suna da tsari. Abin da mutane ba su sani ba, yawanci ba tattakewa ce ke kisa ba. Matsi ne: ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya ɗauke, mutum yana tsaye. Masana cunkoso sun ce da zarar mutum biyar ko shida sun matsu a faɗin mita ɗaya murabba'i, an shiga haɗari.

Ba sai ka yi awo ba, jikinka zai gaya maka. In ka ji ba za ka iya ɗaga hannu ka sosa hanci ba, ko ka ji jama'a na kai ka suna dawo da kai kamar igiyar ruwa, lokacin fita ya yi. Ka dunƙule hannuwa biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe don ka sama wa huhunka wuri. Kada ka yi jayayya da turin, ka bi shi kana zamewa gefe-gefe. In hula ko waya ta faɗi, ka yi mata bankwana. Sunkuyawa ce ke kai mutum ƙasa. In akwai mata a cikinku ko ƙanin wani da aka jawo, tun farko ku tsaya daga gefe, kusa da mafita. Ƙofa ma wurin haɗari ce, a lokacin shiga da lokacin fita, don haka ku zo da wuri, in an tashi kuma ku bari zugar farko ta wuce.

Tsayawa gefe ba ya nufin jingina da lasifika. Ƙarar irin wannan wasa kan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma a wannan mataki kamar minti 15 ne kunne ke ɗauka lafiya. Ƙugin nan da kake ji a kunne da safe, kana dariya kana cewa wasa ya yi wasa, kunnen ne ke kuka.

'Yan sane kuwa sun fi ka son taron. Aljihun baya da aljihun gefen kaftani sadaka ne. Lokacin da babban mawaƙi ya fito, kowa ya ɗaga hannu yana ɗaukar bidiyo, nan suke cin kasuwarsu. Waya ta zauna a aljihun gaba ko a ƙaramar jaka mai zif a ƙirji. Tun a gida ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za ta yi amfani wajen kai rahoto. Bidiyon ma, tsakani da Allah, wa ya taɓa komawa ya kalli minti arba'in na kawunan mutane? Cajinka kawai yake sha.

Kuɗi: ku riƙe tsaba, 'yan canji, a aljihu biyu daban-daban. Tiransfa a irin wannan wuri sai ta rataye, mai POS kuma ya san kana cikin matsi. Masu sha'awar liƙi su tuna Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, ga shi kuma kowa na ɗaukar bidiyo.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. A takarda an rubuta ƙarfe huɗu, amma manyan baƙi sai dare ya yi nisa suke hawa, don haka ku ci abinci. Ku yi shawarar inda za ku yi Magariba da Isha'i kafin ku nutsa cikin jama'a, don fita neman ruwan alwala daga tsakiyar taro aiki ne. In hunturu ne, wanda ya yi gayu da 'yar shara-sharar riga zai gane kurensa da sha biyun dare. Silifas kuma a bar shi a gida.

Komawa gida ita ce aka fi mantawa. Da rana keke na bin ka yana hon, da tsakar dare kai ne ke bin sa, kuɗin kuma ya ninka. Ga shi ba hanya ɗaya kuka nufa ba: wannan Rigasa, wancan Malali, wata kuma sai ta tsallaka gada zuwa Barnawa. Ku yi shatar mai keken da kuka sani tun da rana, ku ajiye magana a kan kuɗi da inda zai tsaya, ɗan nesa da ƙofa. Mai mota kada ya kutsa ta can ciki, zai kwana yana jiran a buɗe masa hanya. A fara sauke mata a ƙofar gidajensu, a jira su shiga. A gida ma a faɗi gaskiyar inda za a je da lokacin dawowa. Ranar nan mahaifiyar abokinmu ni ta kira, ƙarfe ɗaya da rabi, ta ce, "Ɗana, ba tare kuka fita ba?" Na ce, "Tare muka fita, Umma." Ta yi shiru tana jiran sauran maganar, ni kuma ina tsaye a bakin titi ina leƙa fuskar duk wanda ya wuce.