Yadda zaka haɗa filash ɗin Windows naka da kanka, da abdet da direbobi duk a ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran kwamfuta da masu kafe, da duk wanda ɗora Windows ya zame masa aikin kullum. Kowa ya san ɗorawar kanta ba ita ke cin lokaci ba, abinda ke biyo baya ne. Ka gama sai kaga babu Wi-Fi, babu sauti, sannan abdet ya fara zuba yana shan data kamar ba da kuɗi ka saya ba, kwastoma na zaune yana kallonka, in kuma laftof goma aka kawo maka iri ɗaya haka zaka maimaita sau goma. Maganin abin shine ka zauna sau ɗaya ka cusa abdet ɗin da direbobin cikin fayil ɗin Windows tun kafin ka ɗora. Tsofaffin hannu sun san wannan tun zamanin Windows XP da manhajar nLite, lokacin da sai ka danna F6 ka nemo fulofi kafin kwamfuta ta ga ma'ajiyar SATA. Yanzu ba sai ka sauke wata manhaja don cusawar ba ma, akwai DISM, wani kayan aikin gyara fayil ɗin ɗora Windows, a cikin Windows ɗinka, shi zamu yi amfani dashi.

Kafin komai, ISO ɗin, wato fayil ɗin da ake ɗora Windows dashi, ka ɗauko shi daga shafin Microsoft kai tsaye. Waɗannan da ake yawo dasu ana cewa an rage masu nauyi suna gudu a RAM 2GB, don Allah ka rabu dasu, baka san me wanda ya haɗa ya zuba a ciki ba, kuma kwamfutar mutane ce da zasu shiga banki da ita. In Windows 10 kake so to 22H2 shine na ƙarshe, kuma Microsoft ta daina bashi tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka duk na'urar da zata iya ɗaukar 11 gara ka ɗora mata 11. Sai ka tanadi wuri kamar 30GB a diraif C, da filash mai 16GB, da wuta tsayayya, domin in aka ɗauke wuta kana tsakar aiki sai ka sake daga farko, shi yasa laftof mai batir mai kyau ya fi.

Ka buɗe folda C:\aiki, a cikinta ka ƙirƙiri guda huɗu: iso, mount, abdet, direba. Danna ISO ɗin sau biyu zai buɗe kamar faifai, ka kwashe duk abinda ke ciki ka zuba a C:\aiki\iso. Yanzu buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta:

dism /Get-WimInfo /WimFile:C:\aiki\iso\sources\install.wim

Zai jero maka nau'ukan Windows da ke ciki kowanne da lambarsa, Home, Education, Pro da sauransu, galibi Pro na zuwa a lamba 6 amma ka duba da idonka. In ka tarar install.esd ne a foldar ba install.wim ba, to da Media Creation Tool aka sauke shi, shi kuma esd baya yarda a buɗe shi a yi masa gyara sai an mayar dashi wim. Ko ma wanne ne ka samu, fitar da nau'i ɗaya da kake so:

dism /Export-Image /SourceImageFile:C:\aiki\iso\sources\install.esd /SourceIndex:6 /DestinationImageFile:C:\aiki\install.wim /Compress:max

In naka wim ne sai ka sa install.wim a madadin install.esd cikin umarnin kawai. Ka ajiye kwafin abinda ya fito a gefe tun yanzu, zaka buƙace shi daga baya. Nan akwai abin lura, yawancin laftof ɗin da suka zo da Windows daga kamfani lasisinsu na cikin BIOS, kuma da yawa na Home ne, in ka ɗora masu Pro bazai kunnu da kanshi ba. Su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad 'yan tokumbo da suka cika kasuwa galibi Pro ne tunda daga ofisoshi suka fito. Ka duba irin kayan da suka fi zuwa shagonka ka zaɓa.

Sai abdet. Je shafin Microsoft Update Catalog ka nemi Cumulative Update na ƙarshe da ya dace da bashon ɗinka, x64, ka sauke fayil ɗin .msu cikin C:\aiki\abdet. Ranar Talata ta biyu a kowane wata suke sakin sabo, kuma na wannan watan ya ƙunshi duk na baya, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda muka sha wuya a Windows 7. Illa dai a Windows 11 24H2 in ka danna saukewa zaka iya ganin fayil fiye da ɗaya, ka sauke su duka ka ajiye a folda guda, domin sabon yana jingine da wani na baya.

Direbobi kuwa nan ne mutane ke ɓata aikinsu. DISM baya karɓar direba mai .exe, fayil ɗin .inf yake nema tare da 'yan rakiyarsa .sys da .cat. Dell da HP da Lenovo duk suna da ƙunshin direbobi na kowane model da suka tanada don masu ɗora wa kwamfutoci da yawa, ka sauke ka warware shi, wani da 7-Zip ma yana buɗuwa. Amma hanyar da na fi so tunda bata cin ko kwabo na data ita ce in ka samu na'ura irin wannan model ɗin da komai nata ke aiki lafiya, ka kwashe direbobinta:

dism /Online /Export-Driver /Destination:D:\kwafi

Ka tabbatar ka riga ka ƙirƙiri foldar kafin ka danna, kuma ko ta wace hanya ka samo direbobin, ka zuba su a C:\aiki\direba. Abinda nake roƙonka shine kar ka haɗa direbobin duk wata kwamfuta da ka taɓa gani ka jibga a hoto ɗaya, wato install.wim ɗaya, miya in kayan haɗi suka yi mata yawa bata daɗi. Fayil zai kumbura, ɗorawa zata yi nauyi, wani lokacin ma Windows ya ɗauki wanda bai dace ba ka tashi da shuɗin allo. Abinda ake buƙata da gaske shine na ma'ajiya, na chipset, na Wi-Fi da waya ta intanet, na sauti, sai na linzamin taɓawa. Na NVIDIA da AMD masu ƙaton girma bar su sai an gama ɗorawa. Na Wi-Fi ɗin nan kuma kar ka yi wasa dashi a Windows 11, saboda yana tsayar da kai a wajen saiti yace sai ka jona intanet, alhali bai ma gane katin Wi-Fi ɗin ba.

To yanzu aikin gaske. Buɗe hoton:

dism /Mount-Image /ImageFile:C:\aiki\install.wim /Index:1 /MountDir:C:\aiki\mount

Lambar ta koma 1 tunda shi kaɗai ne a ciki yanzu. Sai ka zuba abdet, sannan direba:

dism /Image:C:\aiki\mount /Add-Package /PackagePath:C:\aiki\abdet

dism /Image:C:\aiki\mount /Add-Driver /Driver:C:\aiki\direba /Recurse

Na abdet ɗin yana daɗewa sosai, zaka ga ya tsaya a wani kaso kamar ya maƙale, kar ka rufe, tashi kaje kayi sallah ka dawo. In ya gama sai ka share tsofaffin fayilolin da sababbi suka maye gurbinsu don girman ya ragu:

dism /Image:C:\aiki\mount /Cleanup-Image /StartComponentCleanup /ResetBase

Amma ka sani bayan wannan ba za'a iya cire abdet ɗin da ka sa ba, ya zauna kenan. In kwastomominka na amfani da tsofaffin manhajoji masu neman .NET 3.5, irin na makarantu da na lissafin shago, yanzu ne lokacin kunna shi daga foldar sources\sxs, bayan shara ba kafinta ba, in ka riga ka kunna shi sharar zata ƙi. Daga nan ka rufe duk wata taga da ka buɗe a cikin foldar mount, in ba haka ba zai ƙi rufuwa, sannan:

dism /Unmount-Image /MountDir:C:\aiki\mount /Commit

In wani abu ya kwaɓe a hanya sa /Discard a madadin /Commit ka sake gwadawa. Sai ka goge tsohon install.wim ko esd da ke cikin sources ka sa naka a gurbinsa.

Saura boot.wim, wanda mutane ke mantawa dashi. Shine ƙaramin Windows ɗin da ke tashi daga filash ya nuna maka allon saiti. Laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama da yawansu in ka iso wajen zaɓar inda zaka ɗora sai kaga wayam, babu SSD ko ɗaya, har wani ya ɗauka ta mutu ne ya tura mutum sayen sabuwa. Lafiyarta ƙalau, wani tsari ne na Intel mai suna VMD ke ɓoye ta sai an bashi direban Intel RST. Ana iya kashe VMD a BIOS amma ba kowace na'ura ke bada wannan damar ba. Don haka ka buɗe boot.wim da wancan umarnin na Mount-Image, ka sa Index 2 domin shine na saiti, ka zuba masa direban RST kaɗai, ka rufe da /Commit. In ya ƙi buɗuwa duba ko fayil ɗin na nan a matsayin na karantawa kawai, attrib -r zai cire masa. Ka tabbatar wannan direban yana cikin install.wim shima, in ba haka ba zata ɗoru amma ta ƙi tashi. Abdet kuwa bana baka shawarar sa shi a boot.wim sai in ka ƙware, saboda setup.exe na ciki da na waje dole su zama bashon ɗaya, in suka saɓa saitin zai watse.

Don mayar da foldar iso ta koma fayil ɗin ISO ana buƙatar oscdimg, yana cikin Windows ADK, wani ƙunshin kayan aiki da ake saukewa daga Microsoft, ɓangaren Deployment Tools kaɗai zaka zaɓa wajen ɗorawa:

oscdimg -m -o -u2 -udfver102 -bootdata:2#p0,e,bC:\aiki\iso\boot\etfsboot.com#pEF,e,bC:\aiki\iso\efi\microsoft\boot\efisys.bin C:\aiki\iso C:\aiki\nawa.iso

Layi ɗaya ne, kar ka raba shi, kuma wannan ISO ɗin zai tashi a tsohon BIOS da UEFI duka. Faifan DVD na 4.7GB bazai ɗauke shi ba sai dai mai 8.5GB, kuma laftof nawa ne ma ke da wurin faifai yanzu. Rufus zai rubuta maka shi a filash, ko Ventoy in kana son ajiye ISO da yawa a filash guda, na HP daban na Dell daban. Masu kwafa da hannu zuwa FAT32 kuma su tuna baya karɓar fayil da ya kai 4GB, sai an tsaga install.wim da /Split-Image zuwa guntaye masu .swm.

Gwada shi a VirtualBox, manhajar da ke tada kwamfutar gwaji cikin kwamfutarka, tukuna ka ga ya ɗoru har ƙarshe, in ya tashi rubuta winver ka duba lambar ta nuna sabon abdet ɗin. Direbobi dai sai a kan ainihin na'urar zaka tabbatar, buɗe Device Manager ka ga ko akwai mai alamar ruwan ɗorawa. Sannan ka ajiye kwafin install.wim ɗin da ka fara fitarwa wanda ba'a taɓa ba, duk bayan wata biyu ko uku ka fara daga shi da sabon abdet maimakon ɗorawa kan wanda ka riga ka cusa wa kaya, kuma ka rinƙa sa wata da shekara da sunan model a sunan kowane ISO.